Katangar Da Ta Faɗi Da Gidan Da Muke Ginawa

Daren da katangar gidanmu ta gabas ta faɗi, ba wata babbar ƙara muka ji ba. Wani nishi ne kawai, kamar saniya ta kwanta, sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika tsakar gida. Ƙarshen watan Agusta ne na 2024, makon nan da aka yi ruwan da ya ci rayukan mutane aƙalla 15 a birnin Maraɗi ranar 30 ga wata. Mu a nan Madarunfa Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Akuya guda muka rasa, rumbun Inna ya karkace, ɗakin ƙannena kuma ya tsage tun daga sama har ƙasa, tsagin da hannu ke shiga.

Duk kun tuna shekarar nan an ɗage komawa lakkol har zuwa 28 ga Oktoba, saboda waɗanda ruwa ya kora suna kwana cikin azuzuwa. Wannan hutun dole shi ya ba ni lokacin zama cikin rigimar da ta ɓarke a gidanmu, shi kuma ya sa na shiga bin tsofaffi da tambaya. Rigimar ita ce: za a yi sabon gida, to a ina, da mi, kuma da wane fasali?

Yayanmu da ke nema a Agadas shi ne mai kuɗin. Kwana uku bayan faɗuwar katanga ya turo zane ta WhatsApp: falo, ɗakuna uku, kicin, makewayi a cikin ɗaki, duka da bulo da kwano, a kan tudu. Na nuna ma Baba wayar. Ya daɗe yana kallo, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, sannan ya ce, "To ina zauren?" Na ce babu. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ka gaya ma yayanka otel ne ya zana, ba gida ba."

Bari in fara da maganar wuri, don ita ce ta fi tsufa.

Mutanen ƙasar nan sun taɓa yin wannan gardama, kuma ruwa ne ya yanke musu hukunci. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ummarun Dallaje ya riƙe gari, sarakunan Haɓe suka yi ta gudun hijira har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajajen 1819. Ba a kan tudu suka zauna ba. Cikin kwarin gulbi suka shige, inda kurmi ke da duhu, ruwa na kusa, fadama na ba da abinci, suka zagaye garin da ganuwa. Wanda ke tsoron mahaya dawaki ba ya neman fili fetal. Fiye da shekara ɗari wannan zaɓi ya yi musu rana. Sai a 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya tumbatsa, ya shiga garin ya narkar da gidaje. Lokacin ba sauran yaƙi, Faransawa ke mulki, sai suka tayar da gari suka mai da shi kan tudu, suka ja tituna layi-layi kamar an gwada da rula. Sunayen unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci da Ƴandaka sun bi mutanensu, amma fasalin zama ya sake.

Abin da ya sake shi ne wannan. A da, gida kamar yaɗon kabewa yake: ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, a matsa da darni gaba, tsohuwa ta rasu a bar ɗakinta ya koma ƙasa, a shuka kuka ko a ɗaure tumaki a wurin. Ba wanda ke zana gida kafin a gina shi, domin gidan ba ya ƙarewa. Daga lokacin da wani ya zo da awo ya yanka fili mai kusurwa huɗu, ya kafa siminti a kowace kusurwa ya ce nan ne iyakarka, dole mutum ya fara tunanin gidansa gaba ɗaya tun kafin ya sa tubali na farko. Zanen da Yaya ya turo jikan wannan awon ne, ko da shi bai sani ba.

Mu kakanmu masunci ne, shi ya sa ya kafa gida a gangare, wajen tafki. Kowa ya san abin da tafkin nan yake a wurin mutanen Madarunfa: kifinsa, lambunan gefensa, da kushewun waliyyai 99 da ake zuwa ziyara daga nesa. Da aka ce ma Baba a koma tudu, cewa ya yi, "Nan anka binne cibiyata, nan ubana ya kwanta dama. Ku ku tahi." Na kawo masa labarin 1945 ina ganin na kama shi. Ya ce ai ya fi ni sanin labarin, daga bakin waɗanda suka gani ya ji shi, kuma su ma sai da aka tilasta su.

Maganar da mi za a gina, ita ta kai ni gidan wani tsohon magini a unguwarmu, wanda yanzu gwiwa ta hana shi hawa gini. Shi ya yi zauren kakanmu, kuma zauren nan bai ko motsa ba a ruwan da ya kayar da katanga. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Ɗana, wanga da ka gani da waccan da ta hwaɗi ba uwarsu ɗaya ba."

Ga yadda ya bayyana mini. Zauren da tubalin hannu aka yi shi. Ana haƙo ƙasa daga kududdufi, a jiƙa ta, a zuba ciyawa da kashin doki, a cuɗa da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake cuɗawa, wani lokaci har sau uku. Sannan a dunƙula tubali da hannu, gindi faffaɗa, kai tsini, a shanya shi ya yi kamar mako biyu a rana. Wajen ginawa, gindin bango ana jera tubali da yawa gefe da gefe, yana hawa ana rage kauri, har can sama ya zama siriri. Bango ne mai zama da gindinsa. Ita kuwa katangar da ta faɗi, da bulon ƙasa na kwali aka yi ta, irin mai kusurwa huɗun nan da ya yaɗu tun zamanin Turawa. Yana da sauri, yana da arha, yaro ma na iya buga ɗari a wuni. Amma ƙasar ba ta samun cuɗa, bangon kuma kaurin bulo guda ne daga ƙasa har sama, ba harsashi na kirki. Ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu, shi ke nan.

Da ya zo kan rufi sai murya ta sake, ka san ya shigo gonarsa. Azara daga giginya ake fasa ta, gara ba ta cin ta. Sai dai azara ba ta tsallake fiye da kamar mita biyu ba tare da nauyin ƙasa ya lanƙwasa ta ba. Shi ya sa ɗakunan da suke matsattsu. Mai son babban soro sai dai a kafa masa ginshiƙi a tsakiya, ko kuma a yi masa bakan gizo: a riƙa dasa azara cikin bango daga ɓangarori biyu, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da laka, har su haɗu a sama. A shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. A sa indararo mai tsawo ya zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango. Ya ce mini, "Gidan ƙasa doki ne. Wanda bai iya ba shi abinci kar ya ɗaure shi." Abincin kuwa shi ne yaɓe, duk shekara kafin damina.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin ilimi ne. A manyan biranen Hausa har sarauta gare shi, Sarkin Magina. A Zariya, zamanin Sarki Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830, Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a da laka da azara, kuma har yau masana gini daga ƙasashen waje na zuwa kallon bakunan gizonsa. Ba sai mun tsallaka iyaka ba ma. A Yama, cikin jihar Tawa, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin garinsu a 1962, mutanen gari na kawo ƙasa da ruwa da itace. Daga baya ya sake rufin ya yi masa ƙubba, ya ɗaga hasumiyoyi huɗu, ba wadda ta yi kama da ƴar uwarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. Ni dai ban taɓa jin sunan Falke Barmu cikin aji ba, alhali an sa mu haddace sunayen fadojin sarakunan Faransa.

Na tattara duk wannan na tura ma Yaya cikin saƙon murya mai tsawon minti shida. Amsarsa ba ta kai minti ɗaya ba. Ya ce, "Ƙane, ka ga bidiyon masallacin Damagaram?" Na gani mana, wa bai gani ba. Ranar 3 ga Satumba, kwana kaɗan bayan namu, tsohon masallacin Birni da aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19 ya rufta gaban idon jama'a. Ya ce, "In wannan bai tsira ba, ɗakin Inna ne zai tsira? Kuma ni ba na gida. Wa zai yi yaɓen, kai da ke riƙe da biro?"

Ya ba ni haushi, amma a nan ya taɓo ainihin ciwon, kuma sai da na yi kwanaki kafin in yarda. Ba ƙasar ce ta lalace ba. Abin da ke riƙe da ita ne ya watse. Gini da yaɓe aikin rani ne, aikin gayya: a yi fura, a kira samarin unguwa, a gama bango a wuni. Tun daga farin 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo a 1984, rani ya zama lokacin da samari ke barin gari, wasu Kano, wasu Legas, daga baya Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya. Watannin da gida ke buƙatar hannu su ne watannin da hannun ba ya nan. Itace ma ya yi wuya. Farin ya kashe wasu, gatari ya bi sauran, dajin Baban Rafi da ke kudu da mu shekara da shekaru yana ciyar da murhun Maraɗi. Azarar kirki yanzu daga nesa take zuwa, kuɗinta na neman kamo na kwano. Ɗan ci-rani ba zai iya turo hannunsa ta waya ba, kuɗi yake iya turowa, kuma kuɗi siminti suka sani.

Akwai kuma maganar daraja, wadda ba a cika faɗinta a fili ba. Tun lokacin da gujiya ta yi kuɗi a shekarun 1950 da 1960, alhazan Maraɗi suka fara ɗaga gidajen siminti, kamfanin Malbaza ya fara aiki cikin shekarun 1960, sannan arzikin man Najeriya na shekarun 1970 ya sa kwano da rodi suka riƙa kwararowa ta Ɗan Isa, ido ya saba da cewa wanda ya samu shi ke barin ƙasa. Yau ka je neman aure, cikin tambayoyin da ake yi a bayan idonka har da ko ɗakin na siminti ne. Yaya bai yi aure ba tukuna. Ban ce shi ne dalilinsa ba, amma ban ce ba shi ba ne.

Sai dai shi ma simintin ba uwa ba ne. Farashinsa ba a hannunmu yake ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, dare ɗaya ta rasa rabin ƙarfinta a gaban kuɗin Faransa. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka har zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar kangaye a garuruwanmu, gidajen da suka tsaya iya taga, ciyawa ta fito a falo, awaki suka tare. A Oktoban 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti da kusan kashi 35 cikin ɗari saboda ɓarnar ambaliya, wannan ya taimake mu, ba zan ɓoye ba. Amma gidan da ke jiran sa hannun wani a Yamai ko Abuja kafin ya kai rufi, ban san ko za a ce ya fi gidan da ke jiran yaɓe kwanciyar hankali ba.

Ga kuma ha'inci. Bulon farko da muka sayo daga wani mai bugawa, Baba ya ɗauki ɗaya ya ɗaga iya ƙirji ya sake shi, ya tarwatse kamar ƙuli-ƙuli. Buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin ko ƙasa da haka, wasu har hamsin suke matsa masa, sauran duk rairayi ne, kuma ba sa ba shi ruwa ya ƙosa. Irin wannan bangon in ya tashi faɗuwa ba ya nishi kamar saniya, ba ya ba ka lokacin fitar da yara. Muka mai da kayan bayan doguwar cacar baki, muka sayi namu simintin, aka buga a gabanmu, ni aka ɗora ma aikin ban ruwa safe da yamma har mako guda. Zafi kuwa ba sai na gaya muku ba. Duk wanda ya taɓa kwana ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, ya san dalilin da ya sa masu gidajen siminti ke shimfiɗa tabarma a waje.

Abin da ya fi ba ni takaici cikin binciken nan shi ne, hanya ta uku ta daɗe a ƙasar nan. Tun 1980 aka fara gwada gini ba katako a Shikal, kusa da Filinge: bulon ƙasa ne zalla ake lanƙwasawa ya zama rufi, ba azara ba kwano, kuma an horar da magina da yawa a kai. A Dandaji, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa. Amma je ka nemi injin nan a kasuwarmu. Mai bulon siminti kuwa yana kowace kwana.

Saura maganar takarda, wadda ni ban ma san da ita ba sai da muka shiga. Tudun da Yaya ke so gonar gero ce ta gado, tsakanin Baba da Kawu da gwaggonninmu biyu, ba a taɓa raba ta ba. A da, shaidar mai gari da liman ta isa. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa da ake ce ma kofo, daga ƙauye har zuwa departema, don a riƙa rubuta gado da saye da kyauta. Baba ya ce shi ba ya kai ɗan uwansa gaban takarda, abin kunya ne. Inna ce ta ce, "Malam, ku da shi ba za ku yi faɗa ba. Ɗiyanku fa?" Aka tara kowa, aka auna, aka rubuta, gwaggonni suka karɓi rabonsu. Ranar ne na lura da abin da ba wanda ya faɗa: filin da za mu hau don mu tsere ma ruwa, damman gero nawa yake ba mu duk shekara? Duk gidan da ya hau tudu, gona ya ci. In kun bi hanyar Maraɗi za ku ga turakun siminti sun shiga cikin gonaki sun yi nisa.

Daga ƙarshe ba wanda ya ci gardamar. An haƙa harsashi mai zurfi, aka zuba dutse da siminti, aka ɗaga shi iya gwiwa sama da ƙasa, wannan kowa ya yarda da shi. Ɓangaren Yaya, ɗaki biyu da falo, bulo da kwano. Makewayin cikin ɗaki Baba ya ce sai dai bayan ransa, aka fitar da shi can kusurwar yamma. Zaure da ɗakin Baba kuwa na ƙasa ne, tubalin hannu, a kan wannan harsashin na siminti. Tsohon magini ya zauna kan kujera a inuwa da sandarsa yana nuni, ɗansa da jikokinsa na ɗorawa. Ni da abokaina huɗu muka cuɗa ƙasar, Inna ta dama fura. Sau biyu yana sa a rushe layin da aka ɗora, wai tubalin bai bushe ba. Ƙafafuna sun yi mako suna kaushi.

Da aka tambayi Inna wane ɓangare za ta zauna, cewa ta yi da damina tana wurin ɗanta, da bazara tana wurin mijinta.

Yanzu da nake rubutun nan zaure ya kammala, har an shafa makuba, wadda sai da muka je wani ƙauye kusa da Gabi kafin mu samu mai sayar da ɓawon ɗorawa. Ɓangaren Yaya ya kai linta ya tsaya, aiki ya yi sanyi a Agadas, kuɗin kwano bai taru ba. Baba da rana yana zuwa ya zauna a sabon zauren, ya karɓi baƙi, ya duba ko bango ya tsage. Da magariba sai ya ɗauki butarsa ya gangara tsohon gida. Ya ce zai tare bayan kaka. Bai faɗi kakar wace shekara ba.